Tun da aka mayar min da shafina kan WordPress, Google ya daina nuna shi

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin wannan harka ku agaza min. Ina da shafin girke-girke da na daɗe ina rubutu a cikinsa a kan Blogger, da sunan da na saya na kaina mai ƙarewa da .com.ng. A da, in ka rubuta "yadda ake dambun shinkafa" ko "yadda ake alkaki" a Google, nawa yana sahun farko, wani lokacin ma shi ne a sama. To kwanakin baya wani yaro ya ba ni shawarar komawa WordPress, wai ya fi kyan fasali. Na biya shi ya yi aikin, kuma shafin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma tun daga nan masu shigowa suke ta raguwa, yanzu ko sunan shafin na rubuta sai dai na ga Facebook ɗina. Na kira shi, ya ce na yi haƙuri, Google ne yake nazarin sabon shafin. Ga azumi ya ƙarato, lokacin da aka fi neman girki ke nan. Ya zan yi?

Sarkin Tirafik: Wa alaikumus salam Hajiya. Matsalarki ƙarancin linki ne, sabon shafi ba shi da ƙarfi a idon Google. Ki same ni ta akwatin saƙo, ina da tsarin linki dubu biyar daga shafukan ƙasashen waje, DA ɗinki, wato makin ƙarfin shafi, zai tashi ki gani da idonki. Zan yi miki sauƙi tunda 'yar gida ce.

Injiniya Bash: Hajiya, kada ki ba kowa ko sisi tukuna. Shafinki ba sabo ba ne, sunan da kike da shi tun da shi ne dai har yanzu, gida kawai aka sauya masa. Duba min abu uku ki dawo.

Ki shiga wurin da kike rubutu a WordPress, ki danna Settings, sai Reading. Can ƙasa akwai ɗan akwati da aka rubuta Discourage search engines from indexing this site a gefensa. Ki gani ko da alama a ciki. Masu haɗa shafi kan saka alamar yayin da suke aiki don kada Google ya kwashi abin da ba a gama ba, sai ranar miƙa aiki su manta. Muddin tana nan, kowane rubutu naki yana ɗauke da umarnin noindex, wato shafinki da kansa yake ce wa Google kada ya saka shi a kundinsa. Shi kuwa ba ya gardama, bin umarnin yake yi.

Na biyu, ki nemo tsohon linkin wani rubutunki da kika taɓa turawa mutane a WhatsApp tun zamanin Blogger, ki danna ki ga abin da zai fito. Na uku, kina da Search Console, wato wurin da Google yake nuna wa mai shafi halin da shafinsa yake ciki a bincike?

Maman Hanifa: Innalillahi. Injiniya, alamar tana nan daram. Na cire, na danna Save. Na kuma ɗauko linkin alkaki da na taɓa turawa a guruf ɗin matan unguwarmu, ya ce Page not found. Search Console ina da shi tun da, sai dai rabona da shiga har na manta.

Injiniya Bash: To an gama bincike, ciwo biyu ne. Na farkon kin riga kin sha maganinsa da kika cire alamar. Na biyun shi ne mai aiki.

Blogger yana tsara adireshi da shekara da wata, ya ƙare da .html, kamar haka: sunanshafi.com.ng/2021/03/yadda-ake-alkaki.html. WordPress ɗin da aka haɗa miki kuwa na tabbata ya mayar da shi sunanshafi.com.ng/yadda-ake-alkaki/. A wurinki rubutu ɗaya ne. A wurin Google adireshi biyu ne daban: wanda ya sani tsawon shekaru ya mutu yana ba da 404, lambar da ke nufin ba a samu shafin ba, ga kuma wani baƙo da bai taɓa gani ba. Duk linkin da mutane suka saka miki a Facebook da sauran shafuka, tsohon suke nunawa.

Hanya biyu ce. Ko dai a shiga Settings, Permalinks, a zaɓi Custom Structure a rubuta /%year%/%monthnum%/%postname%.html don sabon adireshi ya zama daidai da tsohon. Ko kuma a bar sabon yadda yake, a yi wa kowane tsohon adireshi karkatarwa ta 301 zuwa sabonsa. Lambar 301 tana nufin an tashi an koma can dindindin, kuma da ita Google yake mayar da darajar tsohon adireshi kan sabon. Akwai ƙaramar manhaja mai suna Redirection da ke yin wannan kyauta.

Amma ki kula da tarko guda. Blogger yana datse adireshi idan kanun rubutu ya yi tsawo, WordPress ba ya datsewa haka. Don haka ko an daidaita tsarin, wasu ba za su haɗu ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki shiga Search Console, ɓangaren Pages, ki buɗe Not found (404), jerin yana can. Za ki ga wasu da ?m=1 a ƙarshensu, wannan Blogger ne yake liƙa wa masu shigowa ta waya, kada ya tayar miki da hankali. Kuma don Allah kada yaron ya ce zai karkatar da komai zuwa shafin farko don ya huta. Mai neman alkaki alkaki za a kai shi. In aka zuba kowa a shafin farko, Google kan ɗauke shi tamkar 404 ɗin ne.

Alhaji Mai Shadda: Wannan ai ko mu a Kantin Kwari mun san shi. In ka tashi daga shago ka koma wani layi, sai ka bar takarda a ƙofa da yaro mai nuna wa kwastoma hanya. In ba ka bari ba, wanda ya zo daga Damagaram ya tarar da kwaɗo, maƙwabcinka ne zai ci cinikin.

Ummi Zariya: Yaya Injiniya, kamar kwana nawa zai ɗauka ya dawo?

Injiniya Bash: Duk wanda ya ba ki rana ya yi miki ƙarya, Ummi. Sai mutum-mutumin Google ya sake zagayowa kan kowane adireshi ya ga an cire noindex. Wasu cikin kwanaki, wasu makonni. Abin da Hajiya za ta iya yi shi ne ta miƙa taswirar shafi, wato jerin adireshin rubuce-rubucenta, a Search Console. WordPress tun daga sigar 5.5 ta 2020 yana yin tasa a wp-sitemap.xml, in kuma an saka Yoast, manhajar da ke taya gyara rubutu don binciken Google, to sitemap_index.xml ce. Sannan ta ɗauki rubuce-rubucen da suka fi kawo mata mutane, ta saka su a URL Inspection ta danna Request indexing. Akwai iyakar da ake yarda ka nema a rana, don haka ta fara da na azumi: ƙosai, kunun gyaɗa, zoɓo, irinsu.

Malam Abu Yasir: Allah ya saka da alheri Injiniya. Sarki, dokar wannan zaure ta hana talla a ƙarƙashin tambayar mai neman taimako. Ba zan goge ba saboda ina so a tattauna maganar linkin, amma a kiyaye gaba.

Sarkin Tirafik: Na ji Malam, a gafarce ni. Amma maganar gaskiya a faɗe ta. Wa zai ce linki ba shi da amfani? Shi kansa Google a kan linki aka gina shi. Larry Page da Sergey Brin tun suna ɗalibai a Stanford abin da suka ƙirƙiro ke nan, PageRank, shafin da aka fi nunawa shi ne a sama. Ku masu cewa a yi rubutu mai kyau kawai a zauna, na ga mutane sun yi shekara suna rubutu mai kyau ba wanda ya san da su sai iyalansu.

Injiniya Bash: Ba wanda ya ce linki ba shi da amfani. Tambayar ita ce wane irin linki. Dubu biyar ɗin nan naka daga ina suke? Ni da kai mun sani: wuraren sharhi na shafukan da aka yi watsi da su, da zaurukan Rasha da Indonesiya da ba mai shiga, manhaja ce take zuba su a dare ɗaya. Me ya haɗa shafin caca da miyar taushe?

Tun Afrilun 2012 Google ya fito da Penguin, tsarinsa na kama linkin bogi, saboda irin wannan. Kafin nan ma, a 2011, jaridar New York Times ta tona yadda babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, yake fitowa na ɗaya a kan kaya iri-iri saboda dubban linki na saye. Google ya yi ƙasa da shi har tsawon watanni. Kantin ya ce bai san an yi ba, ya kori kamfanin da ya ɗauka aikin SEO, wato aikin ɗaga shafi a binciken Google, amma hukuncin a kansa ya faɗa. Mai shafi ne kullum yake ɗaukar kayan, wanda ya sayar masa ya riga ya ci kuɗinsa.

Shi kuma DA ɗin da kuke nuna wa mutane, ma'aunin kamfanin Moz ne, kamar yadda DR yake na Ahrefs. Google ba ya aiki da ko ɗaya. Kana iya kumbura DA ya tashi, masu shigowa ba su ƙaru da mutum ɗaya ba.

Sarkin Tirafik: Labarinka ya tsufa Injiniya. Tun 2016 Penguin ya daina hukunta shafi, yin biris kawai yake da linkin da bai yarda da shi ba. To ina haɗarin?

Ummi Zariya: Yaya Sarki, wato abin da kake sayarwa shi ne wanda Google yake yin biris da shi? 😂

Sarkin Tirafik: Ke Ummi ki bari manya su yi magana.

Injiniya Bash: Ai ta gama maganar. Sai dai na ƙara cewa hukuncin hannu yana nan bai tafi ko'ina ba. Akwai ɓangaren Manual actions a Search Console, ma'aikatan Google ne da kansu suke saka shi, kuma sayen linki yana cikin abin da ake hukuntawa. In ka biya kuɗi aka saka maka linki a matsayin talla, ƙa'ida ita ce a yi masa alamar sponsored ko nofollow.

Sarkin Tirafik: To na ji. Amma ku amsa min wannan tsakaninku da Allah. Wane shafin Hausa ne yake saka wa ɗan'uwansa linki? Bature in ya ɗauko magana a wurinka zai nuna inda ya samo. Mu nan kwafewa ake yi gaba ɗaya har da kuskuren rubutunka, a cire sunanka a saka nasu. A irin wannan kasuwar ta ina linkin halal zai zo wa Hajiya? Shi ya sa mutane suke zuwa wurina, ba don ba su da hankali ba.

Malam Abu Yasir: A nan kam Sarki ka taɓo inda yake yi mana ƙaiƙayi, kuma ina tare da kai a rabin maganar.

Na yi aikin jarida tun ana buga labari da tafireta, yanzu kuma ina bin shafukan yaranmu. Ka buɗe guda goma da safe, labari ɗaya ne a cikinsu, kalma da kalma, an ɗebo daga BBC Hausa ko Aminiya ko Rediyon Faransa, an sauya kanun labari an ƙara "Da ɗumi-ɗumi" ko "Innalillahi". Sai mai shafin ya zo nan yana kuka wai Search Console ya rubuta masa Crawled, currently not indexed. Ma'anar wannan rubutun ai a fili take: na zo, na karanta, ban ga dalilin ajiyewa ba. In rubutu ɗaya yana wuri goma, Google ɗaya zai zaɓa ya nuna, kuma da wuya ya tsallake gidan jaridar da ya aika wakili ya zaɓi wanda ya kwafa. Tun Panda ta 2011, tsarin Google na yin ƙasa da rubutu marar inganci, ake wannan yaƙin, ba yau aka fara ba.

Inda na rabu da kai shi ne maganin. Abin da muke da shi wanda masu Turanci ba su da shi, shi ne fili. Ka rubuta tambaya da Turanci a kan kiwon kaji, shafuka ba iyaka suna kokawa a kanta. Ka rubuta ta da Hausa, sau da yawa abin da zai fito bai taka kara ya karya ba. Wa ya zauna ya rubuta dalla-dalla yadda ake gyara kuskuren suna a NIN, da takardun da za a tambaye ka? Wa yake rubuta farashin masara da gero a Dawanau duk mako, da kwanan wata a jiki? Wa ya bayyana wa manomin Kura bambancin yadda ake zuba NPK da yuriya a shinkafa, da harshen da zai gane? Mai yin wannan ba ya buƙatar linki dubu biyar, don ba shi da abokin takara. Kuma irinsa ne ɗan jarida ko malamin jami'a yake nunawa in ya zo rubutu, wanda guda ɗaya daga wurinsu ya fi tarin naka.

Ita Hajiya ai hujja ce a kan haka. Ta hau sama ba ta taɓa sayen komai ba.

Maman Hanifa: Wallahi Malam ban ma san ana saye ba sai yau. Ni dai abin da na sani, in zan rubuta girki sai na dafa na ɗauki hoto, kuma da gwangwanin madara da ludayi nake awo, don shi matan suke da shi a kicin. In ƙullun alkaki bai tashi ba na faɗa musu dalili, in mai ya yi zafi da yawa waje zai ƙone ciki bai soyu ba, duk ina rubutawa. Amma kwafe kam na sha shi. Akwai shafin da ya ɗauke rubutuna har da hoton farantina mai tsaguwa a baki.

Injiniya Bash: Wannan awon da gwangwani da farantin mai tsaguwa, su ne dukiyar shafinki. A ƙarshen 2022 Google ya ƙara gogewa a cikin abubuwan da masu tantance masa inganci suke dubawa, wato ko marubuci ya taɓa abin da hannunsa. Game da mai kwafe, ki fara yi masa magana ya cire ko ya saka linkinki. In ya ƙi, Google yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka a ƙarƙashin dokar DMCA ta Amurka, kyauta ne, za ki saka adireshin naki da nasa. Kuma ki hanzarta gyaran 301 ɗin nan, don yanzu da naki yake a ɓoye, nasa ne kaɗai Google yake gani.

Ummi Zariya: Ni kuma tawa tambayar. A wani kwas da na shiga an ce dole rubutu ya kai kalma 2000, a maimaita kalmar da ake nema sau da yawa, kuma sai fitilar Yoast ta zama kore kafin a wallafa. Tawa kullum ja ce ko ruwan lemo.

Injiniya Bash: Fitilar Yoast ra'ayin manhaja ne, Google bai san launinta ba. Kuma ma'aunin sauƙin karatunta ba a gina shi don Hausa ba, don haka kada ki lalata jimlarki don ki faranta mata. Tsawon rubutu ma Google ya faɗa a jagorarsa cewa babu wani adadin kalmomi da yake nema. In amsa ta ƙare a kalma 400, ki tsaya. Maimaita kalma kuwa har ta gundiri mai karatu, wannan yana cikin jerin abin da suka kira shara. Ki saka ta a kanun rubutu, ta fito a farkon bayani yadda magana ta kawo ta, shi ke nan. In sun ce ki cika akwatin meta keywords, ki gaya musu tun 2009 Google ya sanar ba ya kallonsa.

Malam Abu Yasir: Ki nemi a mayar miki da kuɗin kwas ɗin, 'yata.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum jama'a, ku gafarce ni na shigo a tsakiya. Shafina na harkar noma ne, ina rubutu da Hausa da Faransanci. Kowane labari ina saka Faransanci a sama, Hausa a ƙasa, a shafi guda. Daidai ne? Sannan maganar haruffa masu lanƙwasa. Mutane a waya "kosai" suke rubutawa, ba "ƙosai" ba. Ni na fara tunanin na daina saka lanƙwasar gaba ɗaya.

Malam Abu Yasir: A'a Malam Isuhu, kada mu kashe ƙa'idar rubutunmu saboda na'ura. Gobe yaro zai karanta ya ɗauka haka ake rubutawa.

Injiniya Bash: Ka raba harsunan, kowanne da adireshinsa, misali /ha/ da /fr/, sannan a haɗa su da alamar hreflang mai nuna wa Google harshen kowanne, ha na Hausa, fr na Faransanci. Google daga rubutun da ke shafi yake gane harshe, in ka cakuɗa biyu ka rikita shi ka kuma gajiyar da mai karatu. Wani abu kuma, in sunan shafinka da .ne ya ƙare, Google yana ɗaukar hakan alama ce ta cewa mutanen Nijar kake nufi, kamar yadda .ng yake ga Nijeriya. In kana son manoman Katsina da Jigawa su ma su same ka, ka yi wannan lissafin.

Maganar lanƙwasa, ina bayan Malam a cikin rubutu, amma ban da adireshi. Ka saka ƙ a adireshi ka kwafe shi zuwa WhatsApp, za ka ga ta koma %C6%99, ɗ kuma %C9%97, linki ya yi tsawo ya yi muni har mutane su ji tsoron dannawa. A adireshi ka rubuta kosai, a kanu da cikin rubutu ka rubuta ƙosai. Ka gwada neman kalmar ta fuska biyun a wayarka ka kwatanta sakamakon, sannan ka duba Performance a Search Console, zai nuna maka ainihin abin da mutane suka rubuta har suka gan ka, na tsawon wata 16 baya. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka buɗe rubutu biyu iri ɗaya, ɗaya da lanƙwasa ɗaya babu. Kanka za ka yi wa kishiya.

Isuhu Maraɗi: Madalla, Allah ya ƙara sani. To fassarar fa? In na rubuta da Faransanci na ba ChatGPT ya juya min zuwa Hausa, Google zai hukunta ni?

Sarkin Tirafik: Ba abin da zai faru. Na san mai wallafa rubutu hamsin a rana da shi.

Injiniya Bash: Ka tambaye shi yadda ya kwana a Maris ɗin 2024. A watan ne Google ya fito da doka a kan tara rubutu barkatai don neman matsayi kawai, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura, kuma shafuka da yawa sun ɓace daga bincike gaba ɗaya. Matsayinsu tun 2023 shi ne ba amfani da na'urar ne laifi ba, rashin amfanin rubutun ne. Don haka Malam Isuhu, ka yi amfani da ita in tana rage maka aiki, amma ka zauna ka gyara da kanka.

Malam Abu Yasir: Ka gyara sosai kuwa. Na karanta wata fassarar na'ura a kan noman wake, tun daga jimlar farko ka san ba Bahaushe ne ya yi maganar ba. A harkar noma kuma kuskuren awon maganin feshi asarar gona ce, ba abin dariya ba.

Maman Hanifa: 'Yan'uwa na dawo da bayani. Na sa yaron ya zauna mun bi jerin 404 ɗin tare, ya yi karkatarwar. Da farko ya so ya tura duka shafin farko kamar yadda Injiniya ya faɗa, na ce a'a. Dambun shinkafa da ƙosai sun fara fitowa, alkaki shiru har yanzu. Na kuma ga wani abu a Performance ɗin nan: ashe ana ta neman kunun da mai ciwon suga zai iya sha da azumi, ni kuma ban taɓa rubutu a kai ba. Na rubuta?

Sai kuma PageSpeed Insights, mai auna saurin buɗewar shafi, da ya nuna min ja a ɓangaren waya.

Injiniya Bash: Ki rubuta, amma ba ke kaɗai ba. Abin da ya shafi lafiya da kuɗi Google ya fi tsananta masa, kuma ko ba Google, rai ne a ciki. Ki samu likita ko masanin abinci ya duba, ki rubuta sunansa da matsayinsa da izininsa.

Jan kuma na san hotuna ne. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar, ke kuma kina saka takwas a girki ɗaya. Mai karatunki tana kan layin da ke yankewa, datarta ta awo ce, kafin hoton farko ya buɗe ta fita. Ki rage faɗinsu zuwa kamar fiksel 1200, ki mayar da su WebP, nau'in hoto marar nauyi, kowanne zai dawo ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma sigar waya yake dubawa, ba ta kwamfuta ba. Ki tambayi yaron inda ya samo rigar shafin ma, wato theme. In irin ta kuɗi ce da aka fasa ake rabawa kyauta, a cire ta yau, don a cikinsu ake ɓoye linkin caca da ƙofar shigowar masu kutse. Ki rubuta site: haɗe da sunan shafinki a Google lokaci-lokaci, in kin ga rubutun Japananci ko tallan magunguna da ba ke kika saka ba, an shiga.

Alhaji Mai Shadda: Injiniya ni fa duk wannan ya fi ƙarfina. Shadda da atamfa nake sayarwa, ba rubutu ba. Yarana sun dame ni wai sai na buɗe shafi. Dole ne?

Injiniya Bash: Ranka ya daɗe, ba dole ba ne yanzu. Abin da ya fi maka amfani shi ne Google Business Profile, kyauta ne, shi ne yake sa shago ya fito a taswira in mutum ya nemi mai shadda a Kano. A saka lambar waya, lokacin buɗewa da rufewa, hotunan kaya na gaske, da sunan gida da layin da kake a Kwari yadda baƙo zai gane. Sau da yawa sukan nemi a ɗauki bidiyon shagon da allon sunansa don tabbatarwa. Kada yaran su cusa "shadda mai araha Kano Nijeriya" a wurin suna, ana dakatar da shago a kan haka. Sunan da ke jikin allo shi za a rubuta.

Alhaji Mai Shadda: To fa. Allon namu sunan Yayana ne a jiki, tun lokacin da muke tare, ni kuma kwastomomi da nawa sunan suka san ni.

Injiniya Bash: To ko dai a yi rajista da na allon, ko a sake allo kafin a ɗauki bidiyon. Su biyun dai dole su zama ɗaya.

Alhaji Mai Shadda: Sauke allon nan ba ƙaramar magana ba ce a gidanmu. Bari na same shi bayan sallar Juma'a mu yi shawara tukuna.